Tsutsar Saiwa da Bakteriyar Ƙasa: Jagora Ga Mai Lambun Tumatir da Kuɓewa

Duk wanda ya yi noman rani a ƙasa mai yashi ya san wannan ciwon. Tumatir ya kama bayan dashe, ya yi kore shar, ya fara fure, sai ka ga da rana tsaka ya yi laushi kamar bai sha ruwa ba, alhali da safen nan ka shayar da shi. Da yamma ya ɗan farfaɗo. Ka ƙara ruwa, ka ƙara takin zamani, ganye sai daɗa rawaya yake yi, 'ya'yan kuma ƙanana ba auki.

Na taɓa tsayawa a wani lambu a yankin Kura, mai lambun dattijo ne, ya dubi fangalinsa ya ce mini, "Ɗana, ƙasar nan ta gaji." Na ce, "Baba, a yi mini izini in tuge gindi ɗaya." Da muka wanke saiwar a bakin magudana sai ga ta duk ƙullutai, wasu kamar ƙwayar dawa, wasu sun haɗe sun yi kaurin ɗan yatsa. Na sa tsinken allura na tsaga ɗaya, na ciro wani farin abu da bai wuce kan allurar ba, na ɗora masa a farce. Wannan ita ce macen tsutsar saiwa, wadda masana ke kira Meloidogyne. Ƙasarsa ba gajiya ta yi ba. Shekara da shekaru ana shuka mata abu iri ɗaya, ba a ba ta taki mai rai ba, sai abokan gabar wannan tsutsa suka ƙaranta, ita kuma ta samu fili.

Cikin waɗannan abokan gaba, bakteriya, wato ƙananan halittun da ido ba ya gani, na sahun gaba. A kansu wannan jagora ta tsaya.

Kafin ka taɓa fartanya, san wa kake yaƙa

Tsutsar saiwa na cikin tsutsotsin da ake kira nematod, su kuwa ba tana ba ne, ba kuma tsutsar da ke cin ganye ba. Sirara ne kamar zare, yawancinsu ba su kai milimita 1 ba, ido ba ya ganinsu. Wani babban ƙiyasi da aka buga a 2019 ya nuna cewa a saman ƙasar duniya akwai kimanin biliyan 57 daga cikinsu a madadin kowane mutum ɗaya. Mafi yawansu ba ruwansu da shukarka. Wasu bakteriya suke ci, wasu naman gwari da dangoginsa, wasu kuma 'yan'uwansu tsutsotsi suke farauta. Masu cin bakteriya ma alheri suke yi maka: abin da suke ci ya fi ƙarfin buƙatar jikinsu ta sinadarin naitirojin, sai su fitar da rarar a matsayin amoniya daidai inda saiwa za ta sha. Kashe su gaba ɗaya asara ce, kamar mutum ya ƙona rumbu don ya kashe ɓera.

Mai ɓarnar ita ce mai tsinke a baki. Jaririyarta na ƙyanƙyashewa daga ƙwai, tsawonta bai kai rabin milimita ba, ta bi ɗigon ruwan da ke tsakanin ƙwayoyin yashi har ta samu bakin sabuwar saiwa, ta huda ta shiga. A ciki sai ta tofa wani yawu da ke sa 'yan ƙwayoyin halittar saiwar su kumbura su zama mata rumbun abinci. Daga nan ba ta sake motsi. Ta yi ƙiba, ta zama kamar ɗan goran duma, ta zuba ƙwai ɗaruruwa cikin wani abu mai yauƙi a bayan saiwar. A zafi irin namu, cikin mako 3 zuwa 4 ta gama wannan zagaye, wato kafin ka gama tsinkar tumatir ɗinka ta yi jikoki da tattaɓa-kunne. Raunin da ta yi wa saiwa kuma ƙofa ce ga cututtukan da ke sa shuka bushewa farat ɗaya.

Lura da wannan, domin duk dabarar tana nan: raunin tsutsar yana tsakanin ƙwai da shigarta saiwa. A wannan ɗan lokaci ba ta cin komai, da guzurin kitsen jikinta take tafiya. Duk abin da ya jinkirta ta, ko ya rikita mata hanya, ko ya manne mata a jiki, ya rage mata kwana.

Abin da ɗakin bincike ya koya mana

Akwai wata 'yar tsutsa mai cin bakteriya, Caenorhabditis elegans, wadda Emile Maupas ya fara bayyanawa a 1900 daga ƙasar da ya ɗebo a Aljeriya. Sydney Brenner, haifaffen Afirka ta Kudu, ya mayar da ita dabbar gwaji a Kambirij ta Ingila, aikin da ya kai shi ga kyautar Nobel a 2002 tare da John Sulston da Robert Horvitz. Tana balaga cikin kwana 3, ta yi ƙwai kusan 300, ta mutu cikin mako 2 zuwa 3. Saboda gajartar ranta, mai bincike zai iya sauya mata abinci yau, kafin wata ya ƙare ya ga abin da ya biyo baya.

An saba ciyar da ita da bakteriyar hanji mai suna E. coli. Da aka sauya mata da Bacillus subtilis, wadda mazauniyar ƙasa ce, sai aka ga ta fi daɗewa. A 2013 masu bincike a ƙarƙashin Evgeny Nudler a Jami'ar New York suka gano ɗaya daga cikin dalilai: wannan bakteriya tana samar da iskar naitirik oksaid, wadda tsutsar ba ta iya haɗawa da kanta, kuma iskar na ƙara mata kwana da kusan kashi 15 cikin 100, tana kuma ƙara mata juriyar zafi. A 2017 wasu a birnin Rosario na Ajantina suka nuna cewa idan bakteriyar ta shimfiɗa yauƙinta a cikin hanjin tsutsar ta zauna, ƙarin kwanan ya fi haka. Wata bakteriyar ƙasa kuma, Comamonas, akasin haka take yi. Aikin ɗakin binciken Marian Walhout a jihar Masacusets ta Amurka, a 2013 da 2014, ya nuna tsutsar da ta ci ta tana saurin girma, amma ƙwanta ya ragu, kwananta ya gajarta, kuma bitamin B12 da bakteriyar ke samarwa shi ne ke jawo saurin girman da raguwar ƙwan.

Na kawo wannan ne don manomi ya ga girman abin. Tsutsa iri ɗaya, gida ɗaya, bambancin kawai wace bakteriya ce ke kewaye da ita, amma girmanta da haihuwarta da tsawon ranta duk sun sauya. Tsutsar saiwa ba ta cin bakteriya, bakinta bai ba ta dama ba, don haka a wurinta tasirin ta waje yake zuwa, kuma galibi na cutarwa ne.

Mafi ban mamaki ita ce bakteriyar Pasteuria penetrans. Tana kwance a ƙasa a matsayin busasshen iri, ba ta motsi, tana iya shekaru a haka. Jaririyar tsutsa ta zo wucewa, sai irin ya manne mata kamar ƙarangiya a bakin wando. Idan sun yi yawa a jikinta, tafiya ma gagararta take yi. Idan kaɗan ne, ta shiga saiwa da su, su huda fatarta, su yi ta yaɗuwa a cikinta. Za ta girma kamar lafiyayya, amma maimakon ƙwai, cikinta zai cika da irin bakteriyar, har kusan miliyan 2 a jikin mace ɗaya. Ta ruɓe, su koma ƙasa su jira na baya. An same ta a lambunan kayan miya a Senegal, kuma binciken da aka yi a can ya nuna cewa a ƙasa mai yashi sosai, ruwan ban-ruwa yana wanke irin ya gangara da shi ƙasa, ya wuce inda saiwa take. Riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Sai dangin Bacillus, kamar Bacillus firmus da Bacillus subtilis ɗin nan, waɗanda ke lulluɓe saiwa su fitar da sinadaran da ke lalata ɓawon ƙwai su kuma sanyaya jikin jarirai. Sai Pseudomonas masu zama a jikin saiwa, wasunsu na fitar da guba kaɗan-kaɗan da ke hana ƙwai ƙyanƙyashewa, suna kuma zaburar da shukar ta tsare kanta. Sai Streptomyces, masu ba ƙasa ƙamshin nan na ruwan farko. Daga ɗayarsu, Streptomyces avermitilis, wadda Satoshi Omura ya samo a ƙasar da aka ɗebo kusa da wani filin wasan golf a Japan, aka samu sinadarin abamektin da ake wanke iri da shi, da kuma aibamektin, maganin nan Mectizan da ake rabawa kyauta tun 1987 don cutar makantar kogi. Omura da William Campbell sun samu Nobel a 2015 a kan haka. Wanda ya taɓa haɗiyar wannan ƙwaya a ƙauyensu, ya sha abin da bakteriyar ƙasa ta haɗa don kashe tsutsa.

Mataki na 1: Tabbatar da ciwon

Kada ka kashe ko sisi sai ka ga ƙullutu da idonka. Zaɓi gindi 10 daga wurare daban-daban, har da gefen inda ciwon ya fi tsanani, domin a tsakiyar wurin saiwar kan riga ta ruɓe. Haƙo da cebur ko fartanya, kada ka fizga, don ƙananan saiwoyi su biyo. Wanke su a bokiti.

A wake da waken suya da gyaɗa a yi hattara. Su ma suna da ƙananan dunƙulai a saiwa, amma na alheri ne, gidan bakteriyar Rhizobium ce mai kama naitirojin daga iska. Ga yadda ake rarrabewa: dunƙulen alheri a gefen saiwa yake maƙale, kana murza shi da yatsa zai ɓalle, in ka fasa shi cikinsa ja-ja ne kamar nama. Ƙullutun tsutsa kuwa kumburin saiwar ce kanta, ba ya ɓallewa sai ka karya ta.

Ƙirga ƙullutan kowane gindi ka ba shi maki bisa ma'aunin da masana suka daɗe suna amfani da shi: babu ko ɗaya 0, ɗaya ko biyu 1, 3 zuwa 10 maki 2, 11 zuwa 30 maki 3, 31 zuwa 100 maki 4, sama da 100 maki 5. Rubuta a littafi da kwanan wata.

Idan gonar babu shuka a kai, ko haya za ka kama, ɗebo ƙasa daga zurfin taƙi ɗaya a wurare kamar 15, ka gauraya, ka cika tsofaffin bokitai 3 masu huji, ka shuka kuɓewa. Bayan mako 5 ko 6 ka juye ka duba saiwa. Kuɓewa ba ta ɓoye sirrin ƙasa. Wanda yake kusa da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya, ko wata tsangayar aikin gona ta jami'a, ko cibiyar binciken aikin gona ta INRAN a Nijar, zai iya kai ƙasa da saiwa a duba masa da madubin ƙara girma. A sa a leda, da ɗan danshinta, kada a bar ta a rana ko a bayan mota mai zafi.

Mataki na 2: Fara daga wurin rainon iri

Tsutsar nan da ƙafarta ba ta yin nisa, da wuya ta ci mita 1 a kaka guda. Mu ne muke ɗaukar ta: a saiwar dashe, a tabon da ke jikin garma da takalmi, da ruwan da ya ratsa fangali mai ciwo ya shiga na gaba. Mafi yawan lambunan da na gani sun kamu, daga dashen da aka saya ne ba a duba saiwarsa ba.

Don haka kada ka yi yayyafi a inda aka yi tumatir, ko kuɓewa, ko gauta, ko rama bara. Idan ba ka da wani wuri, gasa ƙasar da rana. A watannin Maris zuwa Mayu, ka kafce wurin, ka farfasa hoge, ka jiƙa shi sosai, ka shimfiɗa farar leda mai nuna ciki, ba baƙa ba, ka binne gefunanta yadda iska ba za ta shiga ba, ka bar shi mako 4 zuwa 6. Zafin da ke taruwa a saman ƙasar ya isa ya kashe ƙwai da jarirai. Wani abin daɗi shi ne dangin Bacillus da Pasteuria suna jure wannan zafi, domin suna da busasshen iri mai tauri. Amma wasu masu amfani da yawa suna mutuwa, shi ya sa da zarar ka yaye leda sai ka zuba ruɓaɓɓen taki, masu alheri su riga masu sharri kama wuri.

Ranar cire dashe, duk wanda ka ga ko ƙullutu ɗaya a saiwarsa, jefa shi wuta. Kada ka ji tausayinsa.

Mataki na 3: Ciyar da rundunar da ke ƙasarka

Nan ne zuciyar aikin, kuma nan ne aka fi yin sakaci. Bakteriyar da muka lissafa, yawancinsu suna cikin ƙasarka tuni. Yunwa ce ta hana su yawa. Takin zamani yana ciyar da shuka, amma ba ya ɗauke da abincin da bakteriya ke rayuwa a kai, wato ruɓaɓɓen ganye da kashin dabbobi. Jigawar da aka shekara 10 ana watsa mata buhu kawai, ana kwashe karmami da harawa ana kai wa dabbobi, ana ƙone sauran, ta zama gidan da babu mai gadi.

Kashin kaji shi ne ya fi ƙarfi a wannan aiki. Yayin da bakteriya ke ruɓar da shi, amoniya na tashi, ita kuma guba ce ga jariran tsutsa. Zuba kimanin rabin kilo zuwa kilo 1 a kowace murabba'in mita, ka juya shi cikin ƙasa zurfin taƙi, ka ba shi ruwa, ka jira mako 2 zuwa 3 kafin dashe. Jiran nan wajibi ne. Amoniyar da ke kashe tsutsa ita ce kuma ke ƙona saiwar dashe, na ga wanda ya yi gaggawa ya wayi gari fangalinsa kamar an zuba masa tafasasshen ruwa. Kashin shanu da na awaki sun fi sanyi, sai a ninka yawansu, kuma gara wanda ya kwana biyu a juji ya ruɓe.

Sai darbejiya, wadda wasu ke kira dogon yaro ko maina. Allah ya hore mana ita a kowane lungu, 'ya'yanta na zuba ana takawa. Tara su, ka shanya, ka daka. Idan akwai masu matse mai kusa da kai, tunkuzar da ta rage ita ce ma ta fi. Gram 100 zuwa 200 a murabba'in mita, wato kamar cikin tafi biyu zuwa uku, a juya da ƙasa mako 2 kafin dashe. Aiki biyu take yi: ɗacinta na dakushe tsutsa, ragowarta kuma abinci ne ga bakteriya. Ɗanyen ganyenta ma ana binnewa, sai dai ana buƙatar mai yawa.

Akwai wata dabara da ba a cika sani ba. Ɓawon ƙwan tsutsar yana ɗauke da wani sinadari mai suna kaitin, irin wanda ke jikin ɓawon fara da ƙwari da jatan lande. Idan ka zuba dakakken abu mai kaitin a ƙasa, bakteriyar da suka iya narkar da shi, irin su Streptomyces, sai su yawaita, in sun gama da wanda ka ba su su juya kan ƙwan tsutsa. Mai samun fukafukai da ƙafafun fara daga wurin masu suya, ko ɓarɓashin jatan lande da ya lalace a kasuwa, kada ya raina su. A gaskiya ba za su ishi kadada ba, amma sun ishi wurin rainon iri.

Bayan dashe, rufe gindin shuka da ciyawa busasshiya ko buntun shinkafa. Yana riƙe danshi, yana sauke zafin ƙasa, kuma a hankali shi ma abinci yake zama.

Game da ruwa, tuna abin da aka gani a Senegal. Malala ruwa mai yawa lokaci guda a ƙasa mai yashi yana wanke irin Pasteuria ya yi ƙasa da su, yana kuma ɗaukar tsutsa daga fangali zuwa fangali. Ruwa daidai, a kai a kai, ya fi. Ka tsara magudana yadda fangali mai ciwo zai zama na ƙarshen sha, ba na farko ba.

Mataki na 4: Idan za ka sayi bakteriya a kwalba ko a leda

Ana sayar da kayan da ke ɗauke da Bacillus ko Pseudomonas, wasu gari, wasu ruwa. Ra'ayina shi ne su ƙari ne a kan mataki na 3, ba madadinsa ba. Zuba su a ƙasar da babu taki kamar sakin kaji ne a tsakar gidan da babu tsaba.

In za ka saya, duba abu huɗu a jikin kayan: cikakken sunan bakteriyar, adadin masu rai a kowane gram, ranar lalacewa, da lambar rajistar NAFDAC ga wanda yake Najeriya. Wanda aka rubuta masa "ƙwayoyin halitta masu amfani" kawai ba suna, bar shi. Dubi kuma inda mai shago ya ajiye shi. Abu ne mai rai. Wanda ya wuni a kan tebur cikin ranar kasuwa, musamman Pseudomonas da ba ta da busasshen iri, wataƙila gawa kake saya. Bacillus ta fi jure yanayinmu.

Dama shi da ruwan rijiya ko na kogi. Idan na famfo ne mai warin kilorin, bar shi ya kwana a buɗe. Kada ka yi amfani da tankin feshin da ka zuba maganin da ke da jan ƙarfe, ko wani maganin kashe cututtukan shuka, sai ka wanke shi sarai, kuma kada ka haɗa su rana ɗaya. Lokacin da ya fi shi ne ranar dashe da yamma: tsoma saiwar dashen cikin haɗin na kimanin minti 20 zuwa 30, ka dasa, ka zuba ragowar a gindi. So ake bakteriyar ta riga tsutsa isa saiwa. Maimaita bayan mako 3 ko 4, ko yadda takardar kayan ta ce. Ƙullutun da ya riga ya fito ba ya komawa, sabbin saiwoyi kake karewa.

Mai waken suya kuma ya san Nodumax na cibiyar binciken aikin gona ta IITA. Ba maganin tsutsa ba ne, bakteriyar kama naitirojin ce, amma dokokin ajiya da na amfani duk ɗaya ne.

Wata hanya da masu bincike suka fito da ita tun 1980 ita ce a busar da saiwar da tsutsotsinta suka kamu da Pasteuria, a niƙa, a barbaɗa garin a wata gona. Kada ka gwada wannan da ka. Ba tare da an duba da madubi an tabbatar ba, ƙwan tsutsa za ka kwasa ka kai gona mai lafiya da hannunka.

Kalma ɗaya kan Furadan, garin nan mai launin shuɗi-shuɗi da wasu ke barbaɗawa da hannu tsirara. Yana kashe tsutsa, amma guba ce mai tsanani ga mutum da tsuntsaye da kifi, har Tarayyar Turai da Amurka suka hana amfani da shi a kan kayan abinci. Ba ya kuma bambanta mai cin saiwa da mai cin bakteriya. In ƙarfinsa ya wuce, mai cin saiwa ce ke rigan kowa dawowa, domin abincinta na nan a dashe.

Mataki na 5: Juya shuka, ka sa ta yunwa

Bakteriya na rage tsutsa, amma ba za su iya da rundunar da ake ciyarwa wata 12 a shekara ba. Tumatir, kuɓewa, gauta, yalo, attarugu, karas, kabewa, kankana, alayyahu, lalo da rama duk abincinta ne. Cire tumatir ka sa kuɓewa ba juyi ba ne, sauya mata kwano kawai ka yi. Da damina sa mata gero ko dawa ko riɗi. Gyaɗa ma na rage nau'in da ya fi yawa a lambunanmu, ko da yake akwai wani nau'in da ke cinta, don haka duba saiwarta ita ma. Da rani a fangalin da ya fi ciwo, albasa ko tafarnuwa ko alkama sun fi tumatir dacewa na shekara ɗaya ko biyu. Ka kuma yi noma da kyau, domin ciyayi da yawa suna ɓoye ta.

Furen marigol, mai ruwan ɗorawa ɗin nan da ake dasawa don ado, saiwarsa na kashe jariran da suka shige ta. Sai dai gindi biyar a bakin fangali ado ne kawai. Sai an cika wurin da shi ƙiƙam, an bar shi wata 2 zuwa 3, sannan a sare a binne.

Wajen sayen irin tumatir, nemi wanda ke da harafin N a bayan sunansa, kamar Rossol VFN ko Roma VFN. Harafin na nufin yana da juriyar tsutsar saiwa. Roma VF da UC82B da aka saba da su ba su da shi. Amma juriyar nan na karyewa idan zafin ƙasa ya daɗe sama da digiri 28 a ma'aunin Selsiyos. Ke nan tana aiki a dashen lokacin hunturu, tana rauni a na bazara, kuma ciyawar da ka rufe gindi da ita na taimaka mata.

Mataki na 6: Ranar da ka gama tsinka

Mutane da yawa suna gama tsinkar ƙarshe su juya baya, su bar itacen tumatir tsaye har wata biyu. Duk wannan lokaci tsutsa na ci gaba da zuba ƙwai a saiwar da ba ta mutu ba. A makon da ka gama, tuge komai da saiwarsa, tara a waje guda ya bushe, ka ƙona saiwoyin. Kada ka zuba su a ramin taki. Sannan ka kafce fangalin ka bar rana ta gasa shi, ka sake juyawa bayan mako 2.

Kafin ka ƙona, ware gindi 10 kamar yadda ka yi da farko, ka wanke, ka ƙirga, ka rubuta makin a ƙarƙashin na farko. Kuma tun ranar dashe ka bar fangali ɗaya ko biyu da ba ka yi wa komai ba, ka kafa musu turke don shaida. Da su za ka gane ko kashin kajin ne ya yi aiki, ko darbejiyar, ko kwalbar da ka saya, ko kuwa shekarar ce kawai ta zo da sauƙi. A kakar farko kada ka sa ran ganin 0. Gonar da ta fara da maki 5, in ta sauko 4 ko 3 kuma shukar ta daina laushin rana tsaka, aikin na tafiya. Pasteuria musamman sai ta shekara 2 zuwa 3 tana taruwa kafin a ga ƙarfinta. Idan bayan kaka biyu makin bai motsa ba, ɗauki littafin da saiwa 3 a leda ka kai wa malamin gona, a duba ko nau'in da ke gonarka na daban ne, domin akwai wanda ake kira Meloidogyne enterolobii da harafin N ba ya tsayar da shi.